Drishyam: Me Ya Sa 'Yan Kallo Ke Tafa Wa Mai Ɓoye Gawa?



Tun a farkon shekarar 2025 da fitaccen jarumin Indiya Mohanlal ya tabbatar da cewa za a yi kashi na uku na fim ɗin Drishyam, tsohuwar gardama ta sake tashi a tsakanin masu kallo: a kama mutumin nan ko kuwa a ƙyale shi? Mutumin da ake wannan gardama a kansa ya ɓoye gawa, ya lalata shaida, ya koya wa matarsa da 'ya'yansa biyu ƙarya har suka haddace ta kamar karatun allo, ya kuma bar wata uwa tana neman ɗanta shekara da shekaru. Duk da haka jama'a da dama suna tare da shi, har idan 'yan sanda suka matso kusa da shi gabansu ne ke faɗuwa.

Wani zai ce me ya haɗa mu da fim ɗin Indiya. Amsar tana cikin wayoyin ɗalibanmu. Fina-finan Indiya sun shafe fiye da shekara sittin a ƙasar Hausa, tun zamanin gidajen silima, kuma yanzu da ake fassara su da Hausa ana tura su daga waya zuwa waya, sun shiga ɗakunan da silima ba ta taɓa shiga ba. Ajay Devgn, wanda ya ja fim ɗin a harshen Hindi, ba baƙo ba ne a Maraɗi ko Damagaram ko Kano. Sannan tambayar da fim ɗin ya jefa wa mutane tambaya ce ta shari'a da amana da haƙƙin jini, kuma waɗannan ba mu isa mu ce ba ruwanmu da su ba.

Ga wanda bai gani ba, ga labarin a taƙaice, kamar yadda ya zo a na Hindi wanda ya fito a watan Yulin 2015. Vijay Salgaonkar maraya ne da ya bar makaranta a aji huɗu, yana zaune a wani ƙaramin gari a jihar Goa, sana'arsa ja wa mutane wayar tashoshin talabijin gida-gida. Ba shi da wani abin sha'awa da ya wuce kallon fim dare da rana a shagonsa. 'Yarsa babba ta je wani sansanin ɗalibai, sai wani yaro ya ɗauki hotonta a ɓoye tana wanka. Daga baya ya biyo ta har gida da daddare yana barazanar zai watsa hoton idan ba ta ba shi kanta ba. Uwar ta fito tana roƙonsa, sai ya juya buƙatar tasa kan uwar. Yarinyar ta ɗauki ƙarfe don ta fasa wayar, dukan ya sauka a kansa, ya mutu nan take. Yaron kuwa ɗan Meera Deshmukh ne tilo, Sufeto Janar ta 'yan sandan jihar.

Daga nan uban ya karɓi ragama. Ya jefa motar yaron cikin ruwan wani tsohon ramin haƙar dutse, ya sa layin wayarsa a wata babbar mota mai tafiya nesa, sannan ya kwashi iyalinsa zuwa birnin Panaji bayan abin ya riga ya faru. Suka ci abinci, suka shiga silima, suka kwana a masauki, suka tara rasit. Bayan haka ya riƙa bin mutanen da suka haɗu da su, yaron mota da mai masauki da sauransu, yana cusa musu cikin hira cewa ai ranar 2 ga Oktoba suka zo sauraron wa'azin wani malamin Hindu, suka koma ranar 3. Da aka kira waɗannan mutane gaban 'yan sanda sai suka ba da shaidar da ba gaskiya ba, alhali su a ransu gaskiya suke faɗa. Ma'anar kalmar Drishyam ke nan, abin da ido ya gani. 'Yan sanda suka rasa hujja, suka koma duka, har ƙaramar yarinyar ba su ƙyale ba. Ta nuna ramin da aka binne gawar, aka tona a gaban jama'a da 'yan jarida, sai ga mushen dabba. Gawar tana ƙarƙashin daɓen sabon ofishin 'yan sandan garin, wanda ake kan ginawa a lokacin.

Asalin fim ɗin ba na Hindi ba ne. Jeethu Joseph ne ya rubuta shi ya kuma ba da umarni a harshen Malayalam na jihar Kerala, ya fito a watan Disambar 2013, Mohanlal ya fito a matsayin uban mai suna Georgekutty. Shi ne fim na farko a wannan harshe da ya tara rupi miliyan 500. Cikin shekara biyu aka sake shirya shi a harsunan Kannada da Telugu da Tamil da Hindi, a 2017 aka yi na Sinhala a Siri Lanka, a 2019 aka yi na Sin. Kashi na biyu na Hindi da ya fito a Nuwambar 2022 ya tara fiye da rupi biliyan uku. Har yau duk ranar 2 ga Oktoba, wadda ranar hutu ce a Indiya saboda ranar haihuwar Gandhi, sai ka ga mutane a intanet suna zolayar juna da tafiyar Vijay zuwa Panaji. Ƙaryar da aka ƙulla don ɓoye gawa ta zama abin raha na shekara-shekara. Labarin da ya ratsa Kirista da Hindu da mabiya Buda da 'yan gurguzu haka, kowa ya ga kansa a ciki, akwai abin da ya taɓo.

Ra'ayin farko da ya yi ƙara shi ne na 'yan sanda. Jim kaɗan bayan fitowar na Malayalam, wani babban jami'i a Kerala, T. P. Senkumar, wanda daga baya ya zama shugaban 'yan sandan jihar, ya soki fim ɗin a fili. Ganinsa shi ne fim ɗin yana isar da mummunan saƙo: yarinyar da aka yi wa barazana da hoto kamata ya yi ta kai ƙara, kuma nuna wa jama'a hanyoyin ɓatar da sawu daki-daki zai amfani masu laifi. Masoya fim ɗin suka yi masa ca, suka ce ai fim nishaɗi ne, ba wanda ke koyon laifi daga allon silima.

A wannan gaɓa muna ganin masoyan sun yi gaggawa, domin fim ɗin da kansa ya ƙaryata su. Duk dabarar da Vijay ya yi daga fina-finai ya koye ta, kuma an nuna mana haka ƙarara, yana tuno wani fim sannan ya aikata. Ba zai yiwu mu yaba wa jarumi don fim ya koya masa wayo, sannan mu ce fim ba ya koya wa kowa komai ba. Jaridun Indiya ma sun saba kiran wasu kashe-kashe da sunan "salon Drishyam". A watan Janairun 2019 'yan sandan birnin Indore suka ce sun kama mutum biyar kan kisan wata budurwa da ta ɓace tun 2016, suka ce waɗanda ake zargin sun kalli fim ɗin, sun binne kare a wani wuri, suka baza jita-jitar cewa gawa ce don a tona a ga ba komai. Sai dai a lura da abu biyu. Niyyar kisan ba daga fim ta zo ba, dabarar ɓoyewa ce aka aro. Kuma an kama su. Marubucin fim shi ke riƙe da alƙalami, ruwan sama da kuskuren ɗan sanda da mantuwar mai shaida duk a hannunsa suke, wanda ya kwaikwaye shi a zahiri kuwa ba shi da wannan gata.

Amma gardamar koyon laifi ba ita ce zuciyar maganar ba. Masu laifin da suka kwaikwayi fim ɗin ƙalilan ne, masu tafi kuwa miliyoyi ne, galibinsu mutanen kirki da ba su taɓa taka ofishin 'yan sanda ba, kuma ba sa fatan takawa. Waɗannan su ne abin nazari. Idan ka tambayi mai goyon bayan Vijay me ya sa bai kai ƙara ba, amsar ɗaya ce a ko'ina: ƙara wurin wa? Wurin uwar yaron?

Dokar Indiya a rubuce tana tare da yarinyar. Kundin hukunta laifuka da ake aiki da shi a lokacin, a sashe na 100, ya ba mutum damar kare kansa ko waninsa har ya kai ga kisa idan an kawo hari da nufin fyaɗe. Ɗaukar hoton mace a ɓoye ma an mai da shi laifi na musamman a gyaran dokar da aka yi a 2013, bayan fyaɗen da aka yi wa wata ɗaliba a cikin bas a Delhi a Disambar 2012, wanda ya fito da dubban mutane kan titi. Wato da iyalin sun kira 'yan sanda a daren, suna da hujja mai ƙarfi a takarda. Laifin da ba shi da makawa, na ɓatar da shaida, uban ne ya jawo shi daga baya. To amma ɗan kallo a Indiya ya san tazarar da ke tsakanin takarda da ɗakin tambayoyi. Ya san cewa shari'o'in da ke jiran hukunci a kotunan ƙasar sun haura miliyan 50. Ya san cewa ƙasarsa ta sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa tun 1997 amma har yau ba ta tabbatar da ita ba. A watan Yunin 2020, a garin Sathankulam na jihar Tamil Nadu, aka kama wani uba da ɗansa masu shagon sayar da waya bisa zargin sun wuce lokacin rufe shago a zamanin kullen korona, kwanaki kaɗan bayan haka dukansu biyu suka mutu sakamakon abin da aka yi musu a tsare. Wannan shago ne kawai. Ina ga wanda aka samu gawar ɗan Sufeto Janar a bayan gidansa?

Saboda haka tafin da ake yi wa Vijay, a fahimtarmu, shaida ce da jama'a ke bayarwa a kan hukumominsu. Kowa ya zauna a duhun silima ya yi lissafi a zuciyarsa, ya ga cewa talaka mai gaskiya idan ya yi karo da ɗan masu iko, gaskiyarsa ba za ta fisshe shi ba. Mu ma nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun san yadda ake gudun zama shaida, yadda mutum zai ga wanda mota ta kaɗe ya yi jinkirin ɗaukarsa don tsoron kada a riƙe shi, yadda idan an ce ɗan wane ne sai murya ta yi ƙasa. Manzon Allah (SAW) ya yi gargaɗi a kan wannan cuta lokacin da aka aiko Usama bin Zaid (RA) ya nemi sassauci ga wata mata 'yar babban gida daga Banu Makhzum da ta yi sata. Ya ƙi, ya kuma bayyana cewa abin da ya halaka al'ummomin baya shi ne ƙyale mai daraja idan ya yi laifi da tsayar da hukunci a kan mai rauni. Ɗaya daga cikin fuskokin wannan halaka ita ce ranar da mutanen kirki za su fara ganin ɓoye gawa ya fi kiran hukuma hankali.

Sai dai akwai wani abu da ke hana mu sakin jiki da wannan tafi, kuma shi ne muka fi so ɗalibai su tsaya a kai. 'Yan kallon da suka tafa wa Ajay Devgn a 2015 yana wasa da hankalin 'yan sandan Goa, su ne suka tafa masa a 2011 a fim ɗin Singham, inda ya fito a ɗan sanda, a wannan jiha ta Goa, yana dukan mutane a titi, daga ƙarshe shi da abokan aikinsa suka harbe mugun suka ce shi ya kashe kansa. Jarumi ɗaya, jiha ɗaya, a nan an doki wanda ake zargi an yi ihun murna, a can an doki wanda ake zargi an yi ta tsinuwa. Bambancin kawai shi ne wa mai ba da umarni ya nuna mana a matsayin namu.

Kuma abin bai tsaya a silima ba. A ƙarshen Nuwambar 2019 aka yi wa wata likitar dabbobi fyaɗe aka kashe ta a kusa da Haidarabad. Aka kama mutum huɗu. Ranar 6 ga Disamba 'yan sanda suka kai su wurin da abin ya faru da asuba, suka harbe su duka, suka ce sun yi yunƙurin gudu. Jama'a suka taru suna watsa wa 'yan sandan furanni suna raba alewa. Kwamitin da Kotun Ƙoli ta kafa ƙarƙashin tsohon alƙali Sirpurkar, wanda rahotonsa ya fito a 2022, ya ce da gangan aka harbe su, ya ba da shawarar a gurfanar da 'yan sanda goma bisa tuhumar kisa. Masu watsa furannin nan da masu tafa wa Vijay abu ɗaya ke ransu: ba su yarda kotu za ta yi aikinta ba, don haka duk wanda ya yanke hanya, ɗan sanda ne ko mai shago, gwarzo ne muddin yana ɓangaren da zuciyarsu take. Hatsarin shi ne zuciya ba ta jin shaidu. A fim an nuna mana abin da ya faru a daren da idonmu, shi ya sa muka tabbata yarinyar ba ta da laifi. A rayuwa ba wanda ke nuna mana. Maƙwabcin da ya ɓoye gawa shi ma zai ce iyalinsa yake karewa.

Ya kamata mu kuma lura da yadda aka gyara mana hanya don tafin ya zo da sauƙi. An sa yaron ya zama marar kunya har ƙarshe, ba a bar masa ko ƙofar nadama ba. An sa ɗan sandan da ya ga Vijay kusa da motar, Gaitonde, ya zama maci rashawa mai mugun hannu wanda gari duka ya tsana, ta yadda gaskiyar da ya faɗa ta zama ƙarya a kunnen kowa. Wannan wuri yana da ban tsoro idan aka yi tunani: mutum ɗaya tak da ya ba da shaidar gaskiya a fim ɗin shi ne aka dakatar daga aiki, mutanen kirki kuwa duk shaidar zur suka bayar ba da saninsu ba. Halinsa ne ya ja masa, gaskiya ne, idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Amma an hukunta shi a kan abin da bai yi ƙarya a kai ba, mu kuma muka ji daɗi.

Idan muka auna labarin da ma'aunin da muka sani, sai mu ga ya rabu biyu, kuma 'yan kallo kan haɗe su. Abin da yarinyar ta yi daban, abin da uban ya yi daban. Malaman fiƙihu sun yi bayani a kan tunkuɗe mai kawo hari ga rai ko mutunci ko dukiya: ana tunkuɗe shi da mafi sauƙin abin da zai hana shi, idan kuma bai hanu ba sai da abin da ya kai ga ransa, babu ƙisasi a kan mai kare kansa. Yarinyar da aka biyo har gida da irin wannan buƙata, ta kai duka ga waya ya sami kai, ba ita ce za mu tsaya tuhuma ba, ko da yake tabbatar da hakan aikin alƙali ne, ba na wanda abin ya shafa ba. Na uban ya fi wuya. Musulunci yana son rufin asiri, kuma tsoron azzalumi uzuri ne da malamai suka yi la'akari da shi a wurare da dama. Amma rufin asirin da aka kwaɗaitar a kai shi ne na laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa. A nan akwai haƙƙin wasu: iyaye biyu da ba su san ko ɗansu na raye ko ya mutu ba, mutanen da aka sa suka yi shaidar abin da bai faru ba, da ƙaramar yarinya da aka ɗora wa nauyin da ya fi ƙarfin babba. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta umarci muminai da tsayar da adalci da shaida saboda Allah ko da a kan kansu ne ko iyayensu ko danginsu, kuma an sanya dangi a ciki ne domin a nan ne abin ke da ciwo. Ba mu ce da mu ne a matsayinsa da mun iya ba, Allah kada Ya jarrabe mu. Jin tausayin mutum da fahimtar abin da ya tura shi abu ne, mai da shi abin koyi kuma wani abu ne.

(Wani abin da ba a cika magana a kai ba: wurin ibada ya zaɓa ya fake da shi. A na Malayalam taron addu'a na coci, a na Hindi zaman wa'azi. Ya san cewa wanda ya ce daga wurin wa'azi yake ba a cika bincikarsa ba. Masu zuwa majalisin karatu sai mu yi wa kanmu tambaya a kan irin amanar da jama'a ke ba mu kyauta.)

To me hukumomi suke yi idan suka ga jama'a na tafa wa irin wannan jarumi? Misalin Sin ya isa a duba. Da aka sake shirya fim ɗin a can a Disambar 2019, an kai labarin ƙasar Tailan, kuma masu sharhi sun danganta hakan da cewa ba za a bari a nuna 'yan sandan Sin a matsayin azzalumai ba. An ƙara munin laifin yaron, an ƙara wa ubansa muƙamin siyasa, amma an sauya ƙarshen: bayan uban ya yi nasara, gari ya hargitse da tarzoma, sai ya fito ya amsa laifinsa aka kai shi kurkuku. A tsarin tace fina-finai na Sin ba a barin mai laifi ya sha. A 2022 ma an ga haka lokacin da wani dandalin intanet na ƙasar ya yanke ƙarshen fim ɗin Amurka Fight Club ya maye gurbinsa da rubutu cewa 'yan sanda sun kama kowa, har sai da surutu ya yi yawa aka mayar da mafi yawan abin da aka cire. Amurka kanta ta yi irin wannan doka a Hollywood daga shekarun 1930 zuwa 1968. Na Sin ɗin ya tara fiye da yuwan biliyan ɗaya, kuma 'yan kallo sun rabu a kan ƙarshensa: wasu suka ce tuba ce da ta ɗaga darajar uban, wasu suka ce hannun hukuma ne kawai suka gani. Mu dai a ganinmu ƙarshen ya fi kusa da abin da ya dace, amma tubar da aka san dole ce ta sa aka rubuta ta ba ta shiga zuciyar mai kallo. Mutane sun sayi tikiti ne don awa ɗaya da rabi na farko.

Kusa da mu, a watan Satumbar 2021 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. Damuwar da ta sa aka yi haka damuwa ce ta gaske, kuma muna tare da duk wanda ya ce bai kamata a mai da fim makarantar koyon dabarun ɓarna ba, balle ga yara. Amma hukumar Kano ba ta da iko da abin da ke shigowa daga Mumbai ta intanet, haka ma kowace hukuma a Yamai ko Yawunde ko Akara. Kuma ko da tana da shi, hana nuna Vijay ba zai goge dalilin da ya sa ake ƙaunarsa ba. An bar jaki ana dukan taiki. Ranar da mai shago zai iya shiga ofishin 'yan sanda ya ce ɗan shugabarku ya mutu a gidana, ga yadda aka yi, ya kuma fito da ƙafafunsa, ranar ce labarin Drishyam zai zama tatsuniya marar daɗi.

Abin sha'awa shi ne marubucin da kansa bai bar tafin ya tafi haka nan ba. A kashi na biyu, wanda ya fito a Malayalam a Fabrairun 2021, shekaru sun shuɗe, uban ya yi kuɗi har ya buɗe gidan silima, amma gidansa babu kwanciyar hankali. Babbar 'yar tana fama da farfaɗiya da firgita, jin jiniyar 'yan sanda kawai ya ishe ta. Matar ba ta da wanda za ta buɗe wa ciki, maƙwabtan da ta amince da su ashe 'yan sanda ne aka dasa. Mutanen garin da suka tsaya masa a da sun koma gulma, har suna ɓata sunan yarinyar da aka yi duk wannan don a kare mutuncinta. Shi kuwa kullum cikin shirin ranar da za a zo yake, ya shafe shekaru yana abota da mai haƙar kabari da mai gadin ɗakin binciken gawa saboda dare guda. Ya sake kuɓuta, ta hanyar musanya ƙasusuwan, 'yan kallo suka sake tafi. Amma ko a cikin fim ɗin an faɗa cewa wannan zaman ɗar-ɗar shi ne hukuncinsa.

A ƙarshen kashin ne ya aika wa iyayen yaron abin da ya rage na ɗansu don su yi masa al'adar ƙarshe irin ta addininsu, bayan shekara shida a na Malayalam, bakwai a na Hindi. A muhawarar da ta taso kan kashi na uku, masu cewa a kama shi da masu cewa a bar shi duk a kan uban suke magana. Da wuya ka ji wanda ya ambaci mahaifin yaron, mutumin da tun a kashi na farko ya amsa cewa su suka lalata tarbiyyar ɗansu, ya nemi gafara a madadinsa, bai roƙi komai ba sai a gaya masa ko ya ci gaba da jira ko ya daina.